Kujerar da Ka Taya a Legas

Azare, Jihar Bauchi.

Zuwa ga ɗana Uzairu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta addini da ta zumunci, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Radiyya da jikokina Ihsan da Najmuddeen. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka daga sharrin garin da kake zaune, ya kuma ba ka tsawon rai, domin akwai abubuwan da sai mutum ya daɗe a duniya yake gama tauna su. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, yayata Ya Gana, ya haskaka makwancinta, ya sa ta huta.

Mu nan lafiya, sai godiya. Damina ta yi albarka, gero ya yi kai, wake ma ya kama. Kogin Jama'are ya cika har ya leƙa gonakin danginmu na Katagum, ya ba su tsoro, sannan ya ja da baya bai ɗauki komai ba. Gwiwoyina ne dai suka juya mini baya tun wata rana da zan ba ka labarinta a ƙasa, har sallah ma yanzu a zaune nake yi. Matata Yakaka tana nan, tana ƙona ragowar turaren wutan da Ya Gana ta haɗa da hannunta, ɗan tsinke-tsinke don kada ya ƙare, gida ya cika da ƙamshin mai shi. Ƙanwarka Khaulat ta rame, amma ta fara cin abinci, kuma ta daina zabura in waya ta yi ƙara. Wannan takarda kuwa direban wata motar wake mai zuwa Legas na ba wa. Ba ya karɓar ko kwabo, kuma ba ya sauri. Na san tsarin zai yi maka.

Bayan sadakar arba'in ka kira ni, ka ce in gaya maka tsakanina da Allah ko Iya ta ambace ka kafin ta cika, kuma ko ta tafi tana mai yafe maka rashin zuwanka. Na ce maka ba na ji sosai, waya tana yankewa. Wayar lafiyarta ƙalau. Ban so in ba ka amsa a cikin iska ba ne, inda za ka ji rabi ka zubar da rabi. Na fi so ta zo maka a rubuce, ka ninke ta ka sa a aljihu, duk ranar da ka ji zuciyarka ta yi sanyi ka ciro ta ka sake karantawa. Zan ba ka amsar, ba zan rage komai ba. Amma ka san mu da muka tashi a gaban tsofaffi masu tatsuniya ba mu iya fara labari daga wutsiya ba, sai ka yi haƙuri ka biyo ni.

Ka tuna tun farkon makon da ta rasu Khaulat ta gaya maka an sallamo Iya daga asibiti, ba don ta warke ba, sai don likitoci sun ce gida ya fi mata. Ka ce za ka zo, ka yanki tikitin jirgin yamma na ranar Alhamis, saboda ya fi araha. Ban ga laifinka a nan ba, ba wanda ya san ranar. Amma ranar Alhamis ɗin da asuba numfashinta ya sauya, Khaulat ta kira ka tana kuka ta ce kada ka jira yamma, ka nemi kowane jirgi ne ka taho. Ka ce ga ka nan, har ta ji ƙarar ƙofar mota. Muka lissafa cewa in ka sami jirgin safe zuwa Kano, ka hau mota, za ka yi azahar a Azare. Khaulat ta share ɗakinka, ta ɗora miyar da kake so. Akwai abin da Ya Gana ta ce a wannan safiya, zan zo kansa.

Kafin nan bari in tuna maka gidan da ka fito. Mutanenmu sun zo daga Borno ba su da komai sai hanci da haƙuri, da su Ya Gana ta gina sana'ar turaren wuta da humra har amaren Misau da Gamawa suka san sunanta. Duk kasuwar Azare ba wanda ya kai ta iya ciniki. Sai ta ɗauki icen turare ta shinshina, ta yatsine fuska kamar an ba ta ruɓaɓɓen kifi, ta taya rabin kuɗi. Mai kaya ya ce albarka. Ta ɗan ƙara. Ya sake cewa albarka. Sai ta ajiye, ta gyara mayafi, ta juya baya ta kama tafiya a hankali, ƙafa na gaba kunne na baya, ba ta waiwaye ko da za a yi gobara. Kafin ta wuce rumfa ta gaba za ka ji ana ƙwala mata kira, Hajiya dawo, kawo kuɗin. Kai ne mai riƙe mata jaka, kuma a cikin 'ya'yanta kai ka ɗauke wannan karatu kaf. Har alfahari take yi da kai, tana cewa Uzairu ko allura zai saya sai mai ita ya yi gumi. Ka yi boko, ka sami aiki mai kyau, ka gina gida a Legas, amma ba ka taɓa biyan kuɗin farko da aka faɗa maka ba.

To, ga abin da ba ka sani ba, ko ka sani ka ɗauka ya tsaya a Legas. Ka tuna Alhaji Bappayo, dillalin shanu na Udubo, wanda kuka gaisa da shi a kan layi a filin jirgi? Ya kai shanu ya sayar, shi ma tikitin yamma gare shi. Ba mai jinya a gidansa, ba ɗaurin aure, ba suna. Da bakinsa ya ce mini abincin Legas ne ya ishe shi, yana so ya sha furar gidansa kafin rana ta faɗi. Shi ya yi mini bayanin yadda abin yake, don ni jirgin Makka kaɗai na taɓa hawa, shi kuwa ba ka zaɓar komai, kora ku ake yi kamar tumaki. Ya ce wanda yake da tikitin yamma yana son na safe, ana rubuta sunansa cikin masu jiran gurbi. In wani fasinja bai zo ba, sai a kira na farko, ya biya kuɗin sauyi, ya hau. Ya ce sunanka ne na farko, nasa na biyu. Kuma Allah cikin ikonsa wani bawan Allah ya makara, kujera ɗaya ta faɗo, yarinyar da ke teburin tikiti ta kira sunanka.

Bappayo ya ce da ta faɗi kuɗin sai ka yi dariya. Na tambaye shi nawa ne, ya ce shi lissafinsa na dabbobi ne, bai kai kuɗin ɗan akuya mai kyau ba, kuma ya tabbata takalmin da ke ƙafarka ya fi shi tsada. Ya ce ka yi mata bayani mai kyau, da Turanci mai daɗi, har mutanen layi suna gyaɗa kai. Ka ce ka riga ka biya kuɗin zuwa Kano, Kanon safe kuwa ita ce Kanon yamma, ba a ƙara mata nisa ba. Ka ce kujerar nan in ba ka hau ba iska za ta ɗauka, to don me za a sayar maka da abin da za a zubar. Ka ce mahaifiyarka tana kwance rai a hannun Allah, ya kamata su ji tausayi. Yarinyar ta ce Allah ya ba ta lafiya, amma na'ura ba ta buɗewa sai an biya. Ka ce a kira manaja, aka ce yana wajen jirgi. Sai ka taya rabi. Bappayo ya rantse mini ka taya rabi, a filin jirgi, a gaban na'ura. Da ta ƙi, ka ɗan ƙara, kamar yadda aka koya maka.

Ya ce a nan ne ya taɓa kafaɗarka, ya ce in kuɗi ne ba su kusa ga nasa, ka mayar masa in kun haɗu a gida. Ka ce masa ba maganar kuɗi ba ce, maganar haƙƙi ce, in kowa ya riƙa biya ba gardama haka za su ci gaba da yankan mutane. Ka kashe masa ido ka ce ya zuba ido ya gani, yanzu za ta kira ka. Ka ɗauki jakarka, ka ce wa yarinyar to a bar shi, ka juya baya. Ya ce da ya ga tafiyar, Ya Gana ce sak, ƙafa na gaba kunne na baya. Ka je can nesa kusa da masu sayar da shayi ka tsaya, ka ba su ƙeya, kana latsa waya don kada a ce ka damu. Yarinyar kuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta kira suna na biyu.

Ban wanke Bappayo ba, kada ka ce na wanke shi. Ya ce ya ƙwala maka kira, hayaniya ta hana ka ji, ko kuwa ka ji ka ɗauka dabararsu ce, ka ƙi waiwaye. Yarinyar ta ce masa ana rufe ƙofa, in ba ya so ga na uku yana miƙo kati. Ya ce sai ya ga in dai kujerar za ta tafi, gara ta tafi da mutumin gida. Ya biya, ya hau. Ya ce har ya shige yana hango ƙeyarka, tana nan daram, ba ta motsa ba. Ka riƙe karatunka da kyau, ɗana, ba wanda zai ce ka karaya.

Ana kiran azahar mota ta sauke shi a Azare. Da yake ya ji abin da ka gaya wa yarinyar, sai ya ce bai kamata ya wuce Udubo bai duba mai jiki ba. Muna zaune muka ji sallama a zaure, Khaulat ta tashi da gudu ba mayafi, tana cewa Yaya ya iso. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu a tsaye ba sai ranar, lokacin da ta ga dillalin shanu riƙe da ledar burodin Legas. Aka shigar da shi. Ya Gana tana cikin hayyacinta, ta gane shi, har ta tambaye shi iyali. Shi kuwa ka san Bappayo, cikinsa ba ya riƙe ko ruwa. Na yi ta taka masa ƙafa, amma sai da ya zazzage labarin duka, har da kwaikwayon tafiyar.

Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta tambaye shi nawa ka fara tayawa. Ya ce rabi. Ta ce daidai ne, haka ake farawa. Ta tambaya ko sun rage maka wani abu, ya ce ko sisi. Ta tambaya ko ka waiwaya, ya ce ko sau ɗaya. Sai ta yi dariya, Uzairu, dariya ta gaske, har tari ya sarƙe ta muka ɗaga ta zaune. Da ta sami numfashi ta ce yaron ya iya, ita ta koya masa, sai dai ta manta ba ta gaya masa ba cewa ana juya wa kaya baya ne in akwai irinsu a rumfar gaba. Wannan ce dariyarta ta ƙarshe a duniya, kuma kai ka ba ta. Ka ga ba za a ce ba ka yi mata komai ba a ranar. Daga nan ta riƙe hannun Bappayo ta sa masa albarka, doguwa, irin wadda ake tanadi. Ban san ko tasa ce ba tun asali, amma shi ne a zaune a wurin, kuma ba ta da lokacin ajiya.

Ta cika gab da la'asar, kanta a cinyar Khaulat, da kalmar shahada a bakinta. A lokacin kai kana zaune a filin jirgi kana jiran na yamma, wanda daga baya aka ce ya yi latti. Khaulat ta roƙe ni a jira ka. Na tambayi liman, ya ce in ɗan yana hanya kusa a ɗan dakata, in kuwa bai ma taso ba, haƙƙin mamaci ya fi na mai rai. Ka san ba ma kwana da gawa. Aka yi mata wanka, aka turara likkafanin da turaren hannunta, aka sallace ta a ƙofar gida, jama'a har bakin titi. Da aka je maƙabarta aka ce 'ya'yanta maza su sauka su karɓe ta. Mutane suka riƙa duban juna, don kowa ya san ɗa namiji ɗaya ta haifa. Sai na tuɓe takalmi na sauka, ni da Abdulrashid mijin Khaulat. Shiga ta yi sauƙi. Fitowa ce sai da aka jawo ni kamar buhu, kuma tun ranar gwiwoyin nan suka ƙi ni. Ba ƙorafi nake yi ba. Yayata ce, ta goya ni. Ina dai gaya maka inda kuɗin sauyin nan ya faɗa ne, tunda dole wani ya biya.

Washegari ka iso da hantsi, idanu jajur, ka zauna a kan tabarmar ta'aziyya. Duk wanda ya zo ka ce masa ka yi iya ƙoƙarinka, jirgin safe ya cika maƙil, ba gurbi ko na tsayuwa. Suka ce Allah sarki, haka Allah ya so. Ka lura yadda kowa yake kallon ƙasa in kana magana? Ka ɗauka tausayi ne. To, Bappayo bai tafi Udubo ba sai bayan isha'i, kuma ba wanda ya zauna a wannan tabarma bai ji labarin daga bakinsa ba, wasu sau biyu. Liman ya sani, masu haƙar kabari sun sani, matan da ke dafa abincin sadaka sun sani. Khaulat da ta kawo maka ruwa ta durƙusa, miyarka ce ta jiya ta ɗumama maka, kuma ta sani. Kwana uku ka yi kana ba mu labarin jirgin da ya cika, mu kuma muna ba ka haƙuri. Ba wanda ya ƙaryata ka. Mutanen Azare suna da kunya, sai baƙo ya tafi suke dariya.

Yanzu kuwa ka shiga bakin kasuwa. Ranar nan na aiki a sayo mini man zafi, aka dawo ana ba ni labari cewa a layin 'yan turare in mai saye ya ajiye kaya ya juya baya, ba a cewa dawo kawo kuɗin kamar da. Sai su ce a tafi lafiya, sai jirgin yamma. Har mahauta sun ɗauka. Yawancinsu ba su san fuskarka ba, amma sun san sunanka da na mahaifiyarka. Ta shekara arba'in tana gina suna a wannan kasuwa da ƙamshi, kai ka ƙara masa wani abu a safiya ɗaya.

To, ga amsar tambayarka. Na ce akwai abin da ta faɗa da safe. Bayan Khaulat ta ajiye waya ta ce mata Yaya ya tafi filin jirgi zai nemi na safe, Ya Gana ta buɗe ido ta tambaya ko sauyin kyauta ake yi ko da ƙarin kuɗi. Khaulat ta ce tana jin akwai ɗan abin da ake ƙarawa. Tun da aka dawo da ita daga asibiti fuskarta na kallon ƙofa, ta hana a gyara mata kwanciya. Sai ta ce a juya ta ta fuskanci alƙibla, ƙofar ta ishe ta haka. Ta ce wa Khaulat kada ta wahalar da kanta da miya. Sannan ta kira ni da sunan da take kirana muna yara, ta ce in matso in zama shaida: ta yafe wa Uzairu duniya da lahira, tana faɗa ne tun yanzu da sauran numfashinta, don ba zai same ta ba. Khaulat ta ce haba Iya, ai yana hanya. Ta ce ita ta haife shi.

A lokacin nan ko filin jirgin ba ka kai ba. Kujerar ba ta faɗo ba, yarinyar ba ta kira sunanka ba, ba ka taya ba, ba ka juya ba. Duk ƙofofin a buɗe suke, ita kaɗai ta riga ta rufe tata. Saboda haka ka kwantar da hankalinka: ta ambace ka, ta yafe maka, ni ne shaida, kuma zan maimaita a gaban Allah. Ba ta tafi da fushi ba, ba ta ma tafi da mamaki ba. Yafiyar tana nan cikakkiya, ba ragi, an biya maka tun kafin ka ci bashin. A iya sanina ita ce abu na farko da ka taɓa samu ba ka taya ba. Ka riƙe ta da kyau, babu irinta a rumfar gaba.

Ka gaishe mini da Radiyya, ka ce na gode da zannuwan da ta aiko na sadaka, an raba. Ka shafa mini kan Ihsan da Najmuddeen, kuma in kana koya musu ciniki ka koya musu har ƙarshe. Yakaka tana gaishe ka. Abdulrashid yana gaishe ka. Alhaji Bappayo ya ce lallai in isar maka da gaisuwarsa, ya ce kujerar tana kusa da taga. Khaulat na tambaye ta ko tana da saƙo, ta ce a gaishe da yara.

Ni ma jikin ya fara aiko mini da sammaci, amma kada wannan ya tayar maka da hankali. Na riga na bar wasiyya cewa in tawa ta zo kada a kira ka sai an dawo daga maƙabarta, don ka sami sukunin duba tikiti mai araha a natse.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa mu da ita a inda ba a jiran gurbi.

Ni ne kawunka,
Malam Kashim, Azare.